Fuskarki Ce, Amma Hoton Na Wa? Amsoshin Tambayoyinku Kan Ɗaukar Hotunan Mutane a Intanet

Wasiƙun wannan wata kusan bakinsu ɗaya: hoton wani ya faɗa hannun wani, an yi abin da aka ga dama da shi. Mun zaɓi takwas, mun taƙaita su, mun cire sunaye. Bayanin doka da ke nan na gaba ɗaya ne. Wanda maganarsa za ta kai gaban alƙali sai ya zauna da lauya da hujjojinsa a hannu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata mai sayar da man shafawa a Instagram ta ɗauki hotona na ranar kamun ƙawata, ta jera shi da na wata mata da ban sani ba, ta rubuta wai ni ce kafin na fara shafa manta da kuma bayan na fara. Na yi mata magana ta toshe ni. Na kai ƙara Instagram, suka ce ba ta karya ƙa'ida ba. Ina mafita? (Wata mai karatu, Kaduna)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wa ya ɗauki hoton? Daga nan za a fara, domin hoto ɗaya haƙƙi biyu ne a kansa. Akwai haƙƙin mallaka, wanda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba wanda ya danna kyamara, ba wanda fuskarsa ta fito ba. Akwai kuma haƙƙinki a kan fuskarki da sirrinki, wanda ya jingina da sashe na 37 na tsarin mulki da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ƙorafi da yawa da ake watsi da su, ta ƙofar da ba tasu ba aka shigar da su.

Kada ki ƙara yi mata magana sai kin tara hujja. Tunda ta toshe ki, ki ari wayar wata. A ɗauki hoton fuskar wayar yadda sunan shafin, ranar da aka sa tallar, rubutun da ke ƙasa, farashi da lambar asusun bankin da take karɓar kuɗi za su fito. A danna ɗigo ukun da ke saman hoton a kwafi adireshin wannan tallar ita kanta, ba na shafin gaba ɗaya ba. Sannan a naɗi bidiyon fuskar wayar tun daga kan shafin har zuwa kan hoton, domin masu irin wannan sana'a suna sauya suna cikin minti ɗaya idan suka ji motsi. Ki kuma nemo asalin hoton a wayar da ta ɗauke shi. A cikinsa akwai ɓoyayyen bayani na rana da lokaci da samfurin waya. WhatsApp yana goge wannan bayani idan aka tura hoto yadda aka saba, don haka a turo miki shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu.

Ƙarar da kika kai tun farko, ta maɓallin da ke jikin hoton kika kai ta, kuma yawanci na'ura ce ke fara dubawa. Abin da take nema tsiraici ne ko jini ko zagi. Ta ga mace cikin leshi da ɗaurin kallabi, ba ta ga laifi ba. Fom ɗin haƙƙin mallaka daban yake, yana cikin sashen taimako na Instagram. Zai nemi sunanki, imel, adireshin inda asalin hoton yake, adireshin tallar, da shaidar cewa gaskiya kika faɗa. Idan ke kika ɗauki kanki, ke za ki cika. Idan ƙawarki ce ta ɗauka, ita za ta cika, ko ta ba ki izini a rubuce ki cika a madadinta. Kada ki ce ke kika ɗauka alhali ba ke ba ce, ƙarya a wannan fom tana iya juyowa kanki. Ki kuma sani Meta, kamfanin da ya mallaki Instagram da Facebook, na miƙa wa wanda aka kai ƙara sunan mai ƙorafi da imel ɗinsa, saboda haka ki buɗe sabon imel don wannan aiki kawai.

Ta ɓangaren fuskarki kuwa, hoton da za a gane ki a ciki bayaninki ne a idon dokar 2023, kuma yin talla da shi ba da yardarki ba ya saɓa mata. Ki rubuta wa matar gajeriyar wasiƙa ta lambar da ta sa a shafin: ga hoton, ga ranar, ban ba da izini ba, a cire cikin kwana bakwai, in ba haka ba zan kai maganar Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Tallar ƙarya kuma hurumin hukumar kare masu sayen kaya ce, FCCPC, man da ba shi da rajista na NAFDAC ne. Ba mu ce hukumomin nan za su amsa miki gobe da safe ba. Amma mai sayar da haɗin mai da ba lamba a jikin kwalbarsa ba ta son jin sunan NAFDAC, kuma sau da yawa wasiƙar kaɗai ke gama aikin. Jingina miki bilicin da ba ki yi ba kuma ɓata suna ne, lauya zai iya shigar da shi a babbar kotun jiha.

Abu ɗaya da ba za ki yi ba: tara ƙawaye su cika mata shafi da zagi. Yawan sharhi ƙara tura tallar yake gaban mutane, kuma kin ba ta abin da za ta riƙe ku da shi.

Tambaya: Mai hoton bikinmu ya zuba hotunan amaryata a shafinsa yana tallar aikinsa. Na ce ya cire, ya ce a doka hoton nasa ne. Kuma shi ne ya kira ni yana faɗa don mun yanke tambarinsa a wanda muka sa a WhatsApp. Ni da na biya kuɗina? (Wani ango, Katsina)

Amsa: Allah ya sa albarka, ango. Mai hotonka ya karanta rabin doka ya rufe littafin. Gaskiya ne kuɗin da ka biya na aiki ne da kwafin hotuna, mallakar tana wurinsa, kuma ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. A Amurka ma masu ɗaukar hoto sun sha maka taurari irin su Jennifer Lopez da Gigi Hadid a kotu don sun sa hoton kansu a shafinsu. Sai dai dokarmu ta 2022 ta ware hoton da mutum ya sa a ɗauka don harkar gidansa, kamar biki da suna. Wanda ya ba da aikin yana da damar amfani da hotunan a duk abin da ba na kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a wallafa su ko a baje su ko a raba wa jama'a, sai fa in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka.

To ka koma kan rasit da hirarku ta waya. Wasu suna saƙa layi ɗaya a ƙasan rasit cewa za su iya talla da aikin. In babu, ka rubuta masa cewa ka hana, ka ba shi kwana biyu ko uku. Zancen tambari kuwa yana da ƙafar tsayawa, domin doka ta ba shi haƙƙin a san shi ya yi aikin. Maganinsa a nemi kwafi marar tambari tun wurin ciniki.

Masu shirin biki su rubuta abu uku kafin a ba da kafin alƙalami, ko da a saƙon waya ne: ko an yarda a sa hoto a shafi, kuma wanne, wa za a ba kwafi, har yaushe fayilolin za su zauna a kwamfutarsa. Na biyun nan ne inda ake yoyo. Mai kwalliya, mai ɗaurin kallabi, tela da mai adon wuri, kowa zai bi mai hoto ya ce a turo masa na amarya ya sa a shafinsa. Shi kuma ya tura, yana ganin kyauta ya yi da kayansa. Hoton nasa ne, amma fuskar ba shi da ikon kyauta da ita, balle ta ƙawayen amarya da suka cire mayafi a wurin sa lalle don sun san mata ne zalla.

Ka leƙa shafin nasa kuma ka saurari waƙar da ya ɗora a kan bidiyon bikinku. Da wuya in ya nemi izinin mawaƙin, kuma ba mamaki manhajar da ya gyara hoton da ita ta sata ce da aka zuba masa a kasuwar waya. Mudun da yake awo da shi in zai karɓa daban, na bayarwa daban.

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne. Wata jaridar intanet ta ɗauki hotona na hawan Daushe ta sa a labarinta, ta rubuta "Hoto: Facebook". Ban yi rajistar hoton a ko'ina ba. Ina da magana? (Mai hoto, Kano)

Amsa: Kana da ita, Malam. Facebook bai taɓa tsayuwa cikin ƙurar dawaki a Ƙofar Kudu ya ɗauki hoto ba, rubuta sunansa ba ambaton mai aiki ba ne. Haƙƙinka ya tabbata tun lokacin da ka danna, ba sai da rajista ba, kuma yana nan shekara 50 daga ƙarshen shekarar da ka fara fitar da hoton. Rajista a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ƙarin hujja ce kawai, ta dace da hotunan da kake ci da su. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne tun 1993, don haka kariyar tana bin hoton har ƙasashen waje.

Za su ce maka labari suka bayar, doka kuma ta yi sassauci ga ba da labari. Ta yi, amma da sharaɗin a ambaci mai aikin inda hakan zai yiwu, kuma kotu na duba ko don riba aka yi, nawa aka ɗiba daga aikin, da ko an kashe masa kasuwa. Wanda ya ɗauki hoto sukutum, ya cire suna, ya kewaye shi da tallace-tallace, hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Shawararmu kada ka fara da neman a cire. In an cire, sun ci moriyar hoton, kai ka tashi a tutar babu. Ka aika wa edita takardar neman biya: adireshin labarin, ranar da ya fito, hotonka, kuɗin da ka saba karɓa na amfani sau ɗaya, da ƙari don an ɗauka ba izini, da buƙatar a gyara suna, da wa'adin kwana 14. Ka faɗi kuɗin da za ka iya karewa da tsofaffin rasit ɗinka. Wanda ya buɗe baki da miliyan 50 ya ba edita dalilin yin dariya ya miƙa wa lauya. In sun yi kunnen ƙashi, shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Hujjar da ba ta da tamka ita ce ɗanyen fayil na kyamara tare da hotunan da ka ɗauka daf da shi, gaba da baya. Ɓarawo yana da guda ɗaya, kai kana da jerin.

Nan gaba ka riƙa sa ƙaramin kwafi a intanet, wanda dogon gefensa bai wuce fiksel 2,000 ba, ka riƙe babban. Tambari a kusurwa yanke shi ake yi, na tsakiya ma yanzu akwai manhajojin da ke share shi cikin daƙiƙa, amma sharewar tana nuna da gangan aka yi. Duk wata ka bi manyan hotunanka da Google Lens ko TinEye ka ga inda suka je.

Kada ka ɗauka ƙananan jaridu ne kaɗai. Ranar girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, wani mai hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya sa hotunansa a Twitter. Kamfanin dillancin labaran Faransa, AFP, ya kwasa, shi da kamfanin sayar da hotuna Getty Images suka rarraba wa jaridun duniya. Da ya yi magana, AFP ne ma ya riga shi zuwa kotu, yana cewa ƙa'idojin Twitter sun halatta masa. Kotu a New York ta ƙi wannan hujja, a Nuwamban 2013 aka yanke a biya shi dala miliyan 1.2 kan hotuna takwas. Getty kuwa ya yi suna wurin aika wa masu ƙananan shafuka takardar neman kuɗi kan hoto guda.

Kai ma akwai naka iyaka. Mahayi a bainar jama'a ana ɗaukarsa don labari, amma sayar wa kamfani fuskarsa ya manna a allon talla sai da yardarsa. Haka almajiri da marar lafiya a gadon asibiti da ƙungiyoyi ke neman tallafi da hotonsu.

Tambaya: Na sa bidiyo mai waƙar da ba ta kai minti ɗaya ba, nan take Facebook ya kashe sautin. Amma hoton ƙanwata da wani shafin gulma ya ɗauka, wata biyu muna kai ƙara yana nan. Me ya sa? Kuma sanarwar nan da ake cewa a kwafa a manna, "ban ba Facebook izinin amfani da hotunana ba", tana aiki? (Ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Ɗan'uwa, bambancin yana wurin wanda zai iya jawo musu asara. Waɗannan kamfanoni da dokar Amurka suke kwana suke tashi. Wata doka ta 1998 ta ce ba za a kama dandali da laifin satar fasaha da masu amfani da shi suka yi ba, muddin yana cirewa da sauri idan mai haƙƙi ya sanar da shi. In ya yi jinkiri, diyya a can tana iya kaiwa dala 150,000 kan aiki ɗaya. Wata dokar kuma ta 1996 ta wanke su daga mafi yawan abin da mutane ke rubutawa ko sawa game da junansu, amma ba ta haɗa da haƙƙin mallaka ba. Shi ya sa suka kashe kuɗi suka gina na'urar gane waƙa da fim: YouTube tun 2007, Facebook a 2016. Kamfanonin waƙa sun ba su samfurin kowace waƙa, ana kama ta tun kafin bidiyonka ya gama hawa. Ƙanwarka ba ta da kamfani a bayanta. Don haka ku bi hanyar da muka nuna wa mai tambayar farko: wanda ya ɗauki hoton ya cika fom ɗin haƙƙin mallaka. In ba ta kai shekara 18 ba, ku faɗi haka a ƙorafin, kuma Google yana karɓar buƙatar cire hoton yara daga sakamakon bincikensa.

Su kansu kamfanonin ba su tsira daga halin mai hoton Katsina ba. A 2020 aka bankaɗo cewa wani kamfani, Clearview AI, ya kwashi hotunan fuska sama da biliyan 3 daga intanet yana sayar wa 'yan sanda manhajar gane mutum. Facebook da YouTube da Twitter suka aika masa takardar ya daina. A 2024 kuma Meta ta amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Ostareliya cewa tana horar da ƙirƙirarriyar basirarta da hotuna da rubuce-rubucen da manya suka sa a buɗe tun daga 2007. Getty ya maka kamfanin ƙirƙirarriyar basira Stability AI a kotu a 2023 kan zargin kwafar hotunansa sama da miliyan 12. Shi ne kuma a 2016 wata mai hoto Ba'amurkiya, Carol Highsmith, ta tarar yana sayar da lasisin hotunanta fiye da 18,000 da ta ba ɗakin karatun majalisar ƙasarsu kyauta don amfanin kowa. Ta gano ne bayan an aiko mata takardar neman dala 120 don ta sa hotonta a shafinta. Ta kai ƙara, kotu ta kori mafi yawan ƙarar, domin ta riga ta saki hotunan ga jama'a. A nan gida, FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Namu ma ba a bar su a baya ba. Shafin gulma zai ɗauko hoton yarinya daga shafinta, ya manna tambarinsa a tsakiyar ƙirjinta, ya rubuta kada wanda ya ɗauka ba izini. Masu fim sun shafe shekaru suna kukan 'yan kwafi, kukan kuma na gaskiya ne, alhali labari da karin waƙa da yawa daga finafinan Indiya aka ɗebo su ba sallama.

Sanarwar kwafa-ka-manna kuwa tun 2012 take yawo, ba ta taɓa kare kowa ba. Ranar da ka buɗe shafi ka amince da sharuɗɗan da suka bar maka mallakar hotonka amma suka ba kamfanin lasisin amfani da shi a duk duniya ba biya, har ya iya miƙa wa wani. Rubutu a bangonka ba ya warware wannan. Abin da ke aiki shi ne saiti: mayar da tsofaffin hotuna na abokai kawai, ka tuna hoton fuskar shafi da na bangon sama a buɗe suke ga kowa a Facebook ko ka rufe sauran. A WhatsApp ka taƙaita hoton fuska ga lambobin da ka ajiye. Sun hana ɗaukar hotonsa daga cikin waya tun 2024, amma ba abin da ya hana a ɗauka da waya ta biyu.

Tambaya: Ni a Nijar nake. Dokokin da kuke ambata sun shafe ni? (Mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Fom ɗin Facebook da Instagram da TikTok ɗaya ne a ko'ina, Malam. Hukumomi ne suka bambanta: haƙƙin mallaka wurin ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, BNDA, bayanan mutum da hotonsa wurin hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, a Yamai.

Tambaya: An buɗe shafi da sunan mahaifina da hotonsa na Makka, ana bin abokansa ana roƙon kuɗin asibiti. Ya sauya lambar sirri amma abin bai tsaya ba. (Wani matashi, Bauchi)

Amsa: Ba zai tsaya ba, domin ba a shiga shafin Baba ba, kwaikwayonsa aka yi. Ɗan damfara ya sauke hoto, ya buɗe sabo, ya bi jerin abokan da ke buɗe yana aika musu gayyata. Ku fara ɓoye jerin abokan nan. Baba ya kai ƙara daga shafinsa na gaskiya cewa ana sojan gona da shi, abokansa su ma su kai cewa ana sojan gona da wanda suka sani. Ana iya neman katin shaida, ku tanada. Kafin a rufe shafin, ku karɓi hoton hirar daga waɗanda aka roƙa, musamman lambar asusun da aka ce a tura kuɗi. Ita ce igiyar da za a ja, domin asusu yana da BVN ko NIN a bayansa. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa a ranar, tun ba a kwashe ba. Sojan gona don damfara laifi ne ƙarƙashin sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, ana kai shi wurin 'yan sanda, suna da cibiya ta musamman a Abuja, ko EFCC. Sanarwa ga abokai kuma a yi ta da muryar Baba a WhatsApp, an fi yarda da ita.

Tambaya: Wanda muka rabu da shi yana da hotona da bai kamata kowa ya gani ba. Ya ce in ban turo kuɗi ba zai watsa. Ban faɗa wa kowa ba. (Wata baiwar Allah)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki biya. Biyan farko shaida ce gare shi cewa akwai na biyu. Kada ki goge hirar, ki ɗauki hotonta da lambarsa da asusun da ya turo, sannan ki daina amsa masa. Barazana don karɓar kuɗi laifi ne a sashe na 24 na dokar 2015, laifin kuma nasa ne. Ki sami mutum ɗaya da kika amince da shi, yaya ko gwaggo ko lauya mace, ya raka ki wurin 'yan sanda. Ƙarfinsa duka yana kan cewa ke kaɗai kika sani.

Yau ɗin nan ki shiga StopNCII.org. Za ki zaɓi hoton a wayarki, shafin ya fitar da wata lamba da ta keɓanta da shi, lambar kaɗai ke tafiya, hoton ba ya barin wayar. Facebook, Instagram, TikTok, Snapchat da wasu suna amfani da ita su tare hoton idan aka zo sawa. Yana karɓar har hoton da aka haɗa da na'ura aka ɗora fuskar mutum. Iyakarsa biyu: ba ya ganin abin da ke cikin saƙon WhatsApp, kuma hoton da aka sauya wa kama sosai yana iya zillewa. Wadda ba ta kai 18 ba lokacin da aka ɗauki hoton, nata shafin Take It Down ne, kuma kada kowa ya tura irin wannan hoto ko da sunan hujja, turawar kanta laifi ce.

Ga sauran masu karatu: hoton da aka goge yana zama kwana 30 ko fiye a kwandon sharar waya. Kafin a kai gyara ko a sayar, a zazzage kwandon, a cire katin ajiya, a fita daga asusun Google ko iCloud.

Tambaya: Ina ɗinki da sayar da atamfa. A Google nake samo hotunan da nake talla. Wata ta ce haramun ne a doka. To ina zan samu? (Hajiya mai shago, Jos)

Amsa: Ta faɗa miki gaskiya, Hajiya. Google nuna hoto yake, ba nasa ba ne balle ya ba ki. Rubuta "ba nawa ba ne" ko "godiya ga mai shi" a ƙasa ba izini ba ne. In ɗinkin wata telar ne kika nuna a matsayin naki, an ƙara da yaudarar mai saye.

Unsplash da Pexels suna ba da hotuna kyauta har don kasuwanci. Wikimedia Commons ma haka, amma kowane hoto da sharaɗinsa, yawanci a ambaci mai shi. A wasu wuraren kamar Flickr za ki ga lasisin da ya hana kasuwanci gaba ɗaya, sai an karanta. Duk wannan izinin mai hoto ne, ba na mai fuska ba. A 2007 kamfanin waya na Virgin Mobile a Ostareliya ya ɗauko hoton wata matashiya 'yar Texas daga Flickr, wanda mai ɗaukarsa ya saki da lasisin kyauta, ya buga a allunan tashar bas da rubutun da ke mata ba'a. Iyayenta suka kai ƙara, a 2009 kotun Texas ta kore ta don ba ta da hurumi a kan kamfanin da ke wata ƙasa. Lasisin hoton bai da matsala, yarinyar ce ba wanda ya tambaya.

Mafi sauƙi ki ɗauki naki. Ki sa kayan a jikin mutum-mutumin shago ko ki rataye, kusa da taga ko ƙofa da hantsi, bango fari a baya, ki goge gilashin kyamarar waya, kada ki kunna fitilarta domin tana sauya launin atamfa. In a jikin mutum kike so, a yanke daga wuya zuwa ƙasa, a kula da zobe da zanen lalle da za a iya gane ta da su. In fuska za ta fito, ku rubuta takarda ta layi biyar: sunanta, wane hoto, a wane shafi, na tsawon wane lokaci, da abin da za ki ba ta, kuɗi ko ragin ɗinki, ta sa hannu da kwanan wata. Yarinya ƙasa da 18, uwa ko uba ne zai sa hannu. Dokar 2023 ta ba ta damar janye yardarta daga baya, don haka ki ajiye hotunan kowace mai saye a jaka daban a wayarki da sunan shafukan da kika sa su, yadda ranar da ta kira ta ce a cire, ko don an sa mata rana ko don maigida ya hana, za ki san duk inda za ki bi.